Taliyar Japanawa da Maganar da Ban Ji Ba

Mai tasin da ya ɗauko ni daga filin jirgi ya duba adireshin da na miƙa masa, ya leƙo ni ta madubi, ya sake duba takardar. Ya tambaye ni ko na tabbata nan ne. Na ce na tabbata, ai tun ina Misau na biya kuɗin ɗakin, har hotuna aka turo mini: gado, teburin karatu, da taga mai kallon bishiya. Ya ci gaba da tuƙi. Muka shiga wata unguwa da daga baya na san Irving Park ake ce mata, manyan gidaje kowanne ya ja baya da titi, ciyawa a aske tas, babu ko mutum ɗaya a waje. Ya sauke mini akwatuna biyu a bakin wata farar ƙofa ya juya.

Sunana Rakiya. Shekarata talatin da tara a lokacin. Malama ce ni a wata kwalejin noma a jihar Bauchi, mijina ya rasu shekara huɗu kafin nan, 'ya'yana biyu kuma na baro su a hannun Inna, mahaifiyata. Karatun digiri na uku a kan wake ne ya kawo ni garin Greensboro, a Amurka.

Wani dattijon Bature ne ya buɗe ƙofar. Ya karanta takardata, ya cire tabarau, ya ce gidan nasa ne tun kafin a haife ni, bai taɓa ba da hayar ɗaki ba, kuma ni ce ta uku da ta zo masa da irin wannan takarda a watan nan. Na kira lambar mutumin da na tura wa kuɗi, aka ce babu ita. Dattijon ya fito mini da kujera da ruwan sanyi. Na zauna a barandarsa na kira yayana Habu, ina roƙonsa kada ya gaya wa Inna. Ban gama ba sai na ji an ce daga bayana, da Hausa garau:

“Ke 'yar ina ce?”

Wata gajeriyar mata ce mai furfura a gaban goshi, sanye da kayan masu jinya. Ita ke zuwa kula da matar dattijon, wadda ta daɗe a kwance. Ta ce sunanta Saratu, 'yar Billiri ce, ta haura shekara ashirin a Amurka. Ta saurari labarina ba ta katse ni ba, sannan ta ce in jira ta tashi daga aiki. Da la'asar ta zuba akwatunana a bayan motarta. Tun ranar nake ce mata Mama.

Gidanta yana gabashin gari, kusa da jami'a, a layin da coci uku ke kallon juna. Ta ba ni ɗakin ƙasa wanda ɗanta ya bari da ya tafi aikin soja. Ta ware mini tukunya da wuƙa, ta ce waɗannan ba su taɓa ganin abin da ba na ci ba. Ta nuna mini shagon da ake sayar da naman yankan Musulmi. Alƙibla kuwa da waya muka nemo ta, muka yi ta juyi a tsakar ɗaki ni da ita, har muka gano cewa injin wanki zan riƙa fuskanta. In kewar yarana ta taso mini, ba ta lallashi, sai ta miƙo mini albasa ta ce in yanka, wai kukan ya samu dalili.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne Turanci, ni da na yi shekara goma sha biyu ina koyarwa da shi. Kalmomin ina jin su ɗaya bayan ɗaya, abin da ake nufi ne yake kuɓuce mini. Malamar da ke duba aikina, Farfesa Linda, doguwar mata ce mai sanyin murya, ta haura sittin, ba ta taɓa ce wa mutum ya yi kuskure. In ta ce aikinka da ban sha'awa, to ka koma ka sake shi daga farko. In ta ce ko za ka so ka ƙara duba wani abu, umarni ne. Sai da na yi wata biyar kafin wani ɗalibi ya fahimtar da ni haka. Ga shi tana so in riƙa kiran sunanta kawai, bakina kuwa ya ƙi. Sai na koyi dabarar da baƙo ke koya, murmushi da gyaɗa kai. In na fahimta in gyaɗa, in ban fahimta ba in gyaɗa sau biyu, in dawo gida ina juya maganar a raina.

Gonar gwajinmu tana wajen McLeansville, inda gidaje ke warwatse tsakanin filaye. A shekara ta biyu na shuka irin wake goma sha biyu, layi-layi, kowane layi da alamarsa. An kewaye filin da wayar lantarki saboda bareyi, don a can ba sa tsoron mutum, har bakin titi suke kiwo. Wata Juma'a na kashe wutar wayar don in ja tiyon ban ruwa ta ƙarƙashinta. Ina cikin haka Inna ta kira ta ce Ummi, ƙaramar 'yata, tana asibiti da zazzaɓi. Na shiga tsohuwar motar da Mama ta ara mini na tafi, ban mayar da wutar ba. Ran Litinin na tarar da gonar kamar an bi ta da lauje. Aikin damina guda ya tafi.

Ummi ta warke. Ni kuwa na rubuta wa Farfesa gaskiya, na ce laifina ne. Amsarta layi ɗaya ce: kada in damu, za mu yi magana. Daga nan ta ɓace. Mako biyu ofishinta a rufe, ba ta amsa saƙo. Karatuna da abincina da takardar zamana a ƙasar duk a jikin sa hannunta suke rataye. Kwalejinmu kuma ta sake ni ne bisa sharaɗin in dawo da digiri. Na riƙa ganin kaina ina sauka a tashar Misau hannu wofi, dangin mijina da suka ce mace mai 'ya'ya ba ta irin wannan tafiya suna tsaye suna kallo.

Sai ga saƙonta. Ranar Alhamis za ta ɗauke ni mu ci abincin rana, akwai wanda take so in haɗu da shi, akwai kuma wasu canje-canje. Ta rubuta sunan wurin.

Mama Saratu ta karanta saƙon sau biyu a tsaye a kicin. Ta ce a ƙasar nan in shugabanka ya kai ka cin abinci, ko ƙarin girma ne ko sallama, kuma fuskarsu iri ɗaya ce a duka biyun. Wurin kuwa ta san shi, na Japanawa ne, taliya suke dafawa a romo, romon kuma da ƙashin alade ake yinsa. In buɗe baki in tambaya, kada in gyaɗa musu kan nan nawa.

Ranar ana yayyafi. A mota Farfesa ta yi ta maganar ruwan sama. Na lura ta rame, rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, amma na ce a raina damuwar abin da za ta faɗa mini ce. Wurin yana cikin jerin shaguna, tsakanin mai wankin kaya da mai sayar da waya. Ƙofarsa ƙarama, an rataye wani ƙyalle mai tsagu a samanta, sai ka sunkuya za ka shiga. Ina sa ƙafa sai mutum huɗu suka ɗaga murya lokaci ɗaya daga bayan kanta. Na ja da baya har na taka Farfesa. Na ɗauka takalmi ne ban cire ba, ko kuwa hijabina ne. Ta ce maraba suke mini.

Ciki ɗumi, ga tururi, ga ƙamshin tafarnuwa da wani abu da ban gane ba. Rana tsaka amma kamar magariba, jajayen fitilun takarda ne kawai ke ci. Komai na katako, teburan sun matsu har gwiwarka tana jin ta maƙwabci. A bango kwalaben giya a jere kamar magani a kemis. Na tsaya ina tunanin wa zai gan ni a nan cikin mutanen masallacinmu, me kuma zan ce masa.

Wani ɗan tsamurmurin dattijo ya miƙe daga wani lungu mai benci biyu, ya rusuna. Farfesa ta ce Dokta Mori ke nan, Bajapane, masanin inganta iri. Na taɓa ganinsa a barandar sashenmu, ban taɓa jin muryarsa ba. Ban san ko hannu zai miƙo ba, shi ma bai san ko zan karɓa ba, sai ya ƙara rusunawa, ni ma na ɗan durƙusa irin tamu, ya sake rusunawa. Da Farfesa ba ta zauna ba, ban san inda za mu tsaya ba. Na ce a raina shaida aka kawo. A kwalejinmu ma ba a sallamar mutum sai da na uku a ɗaki.

Aka miƙo takardar abinci, hotuna ne da sunaye, kowane kwano kamar ɗan'uwansa. Na tambayi matar da ke karɓar oda wanne ne babu alade. Ta jero mini magana da sauri kamar mai kiran fasinja a tasha. Na kama kalmar kaza, na kama kalmar alade, ban san wacce ke cikin wacce ba. Kaina har ya fara sauka zai gyaɗa. Dokta Mori ne ya sa baki, ya yi mata magana a hankali, ta shiga ciki ta dawo, suka ƙara tattaunawa. Sannan ya juyo ya ce mini na kazar ma ana haɗa masa ɗan romon alade, ƙwan da ake ɗorawa kuma ana jiƙa shi a ruwan da ke da giyar shinkafa. Akwai ɗaya na ganye zalla, tukunyarsa daban, ya sa an tabbatar. Na gode masa, amma raina bai kwanta da shi ba. Mahauci ma yana ba rago ruwa.

Kafin taliya aka ajiye mana waken suya wanda bai bushe ba, a cikin kwansonsa, kore shar, an tafasa an barbaɗa gishiri. Ni da na ƙarar da rayuwata a kan wake ban taɓa ganin an ci shi haka ba. Na ɗauki ɗaya na jefa baki gaba ɗaya. Na tauna, na tauna, kwanson ya ƙi mutuwa, ya zama kamar igiya a bakina. A lokacin ne na ga Dokta ya sa nasa a leɓe ya matso 'ya'yan, ya ajiye ɓawon a wani kwano da ke gefe. Na haɗiye nawa da ruwa, idona ya kawo ƙwalla. A daidai nan Farfesa ta fara magana.

Ga ƙarar ludayi, ga masu girki suna yi wa duk mai shigowa ihun maraba, ga muryarta da ko a ofis sai ka kasa kunne. Na ji ta ce za ta ɗan ja baya. Na ji ta ce watanni masu zuwa za su yi wuya. Na ji ta ce ba haka ta so ba, kuma ta daɗe tana tunanin yadda za ta gaya mini. Kowace magana ta faɗo daidai inda na tanadar mata. Sannan ta ce ranar Litinin za ta fara tiritmen, zagaye shida.

Wannan kalma kullum muna amfani da ita a gona. Irin takin ko maganin da aka sa wa kowane layi a gwaji, shi muke ce wa tiritmen. Sai na fahimci cewa gwajin za ta sake daga farko, sau shida, ba tare da ni ba. Na ce a raina in ma korata za a yi, kada in fita da ƙaramin rai. Na haɗa murmushi na ce mata hakan ya yi kyau, ina mata fatan alheri, a dai tabbatar an mayar da wutar shinge a wannan karon.

Suka dubi juna. Dokta ya sunkuyar da kai. Farfesa ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga kwanuka sun iso.

Kwano ne mai zurfi da zai ci tuwon mutum uku. Romo mai kalar ƙasa, taliya a ciki, masara, lawashi, lemar kwaɗi irin wadda ake ci, da wani baƙin abu kamar takarda a jingine a gefe. Babu cokali mai yatsa, sai tsinke biyu da wani gajeren ludayi. Na riƙe tsinken kamar alƙalami, taliyar ta zame. Na sake riƙo, ta sake zamewa, ta fantsama mini romo a hijabi. Ina cikin wannan kokawa na ji wata ƙara a gabana. Dattijon nan mai rusunawa, wanda ko tari ba ya yi da ƙarfi, ya kafa kai a kwano yana zuƙar taliya fuu, irin zuƙar da in Sadik ɗana ya yi a gaban baƙi sai ya sha ranƙwashi. Na duba teburin kusa, su ma haka. Na rasa wa ke da ladabi a ɗakin nan, wa ba shi da shi.

Na haƙura da tsinke na ɗebi romon da ludayi. Daddawa ce. Ba ta kalwa ba, ta waken suya, wadda matan ƙauyenmu suka koma yi da kalwa ta yi tsada. Na sake kurɓa don in tabbatar. Na ji kamar wani ya kira sunana na gida a tsakiyar kasuwar da ban san kowa ba. Ban san lokacin da na faɗa a fili ba. Dokta ya ɗago ya tambayi me na ce, na yi masa bayani, ya ce tasu ma da waken suya ake yi, a rufe shi ya yi watanni. Ya tambayi kwana nawa tamu take yi, da wane ganye ake rufewa. Daga nan ya zarce gonata. Bai tambayi yadda aka yi na bar wuta a kashe ba. Abin da ya so ji shi ne, ko bareyin duka layukan suka cinye.

Ba duka ba ne. Layi biyu sun ɗan taɓa sun bari, irin wani wake mai yaɗo da asalinsa daga wajen Kano aka samo, ganyensa da kauri da ɗan kaushi. Na rubuta wannan a littafina ranar da abin ya faru, har tsawon abin da suka bari na auna, amma ban nuna wa kowa ba, don gani nake kamar mai neman uzuri. Tunda dai an gama da ni, sai na saki baki. Na gaya masa yadda awaki a gida ma suke tsallake irin wannan in akwai wani, yadda manoma ke shuka shi a bakin gona su sa mai daɗin a tsakiya. Na zana masa filin a kan takardar goge baki. Ya tura kwanonsa gefe yana tambaya, ina amsawa. Tun da na zo ƙasar ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Sai da na tsaya na ga Farfesa ba ta taɓa taliyarta ba, romon kawai take kurɓa kaɗan-kaɗan tana kallonmu.

Da muka miƙe, Dokta ya yi wata doguwar magana, rabinta ƙarar wurin ta cinye. Ƙarshenta kawai na kama, ko Litinin da ƙarfe takwas ta yi mini. Na gyaɗa kai. Na zaci ranar miƙa makullin ɗakin gwaji ce.

A mota ba ta tayar da inji nan da nan ba. Ruwa yana sauka a gilashi. Na ga in na bari muka bar wurin nan, zan yi kwana huɗu ban san matsayina ba, kuma ba ni da ƙarfin haka.

“Farfesa, ki yi haƙuri,” na ce. “Ban fahimci abin da aka yi a ciki ba. Ba yau kaɗai ba, sau da yawa ba na fahimta. Ki gaya mini kamar yadda za ki gaya wa yaro. Korata aka yi?”

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

“Rakiya, ciwon daji ne da ni. Litinin zan fara karɓar magani a asibiti. Abin da na gaya miki ke nan.”

Ashe kalmar da muke faɗa a gona ita ce suke faɗa a asibiti. Maganar shingen ta dawo mini kalma-kalma. Na rufe fuska da hijabi. Ina ta ba ta haƙuri da Turanci da Hausa a haɗe, sai na ji motar tana girgiza. Dariya take, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har tana dukan sitiyari. Ta ce mako biyu ke nan kowa yana mata magana kamar an riga an binne ta, ni ce ta farko da ta ba ta shawarar da za a iya aiki da ita. Dariyar ta juye kuka, ni ma na taya ta. Na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba, na yi mata addu'ar da muke yi wa marar lafiya. Ba ta tambayi ma'anarta ba, ta dai bar mini hannun.

Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla, tana tsayawa tana tambaya ko na gane. Ba wanda ya kore ni. Ita kanta bareyi sun taɓa cinye mata gona har sau biyu. Ba za ta iya riƙe ɗalibai ba a shekarar, wurin Dokta Mori zan koma, shi ne maganar Litinin. Na ce to me ya sa ba a faɗa mini haka tun a saƙo ba. Ta ce ita ma ba ta iya faɗin abu kai tsaye ba, ko 'yar cikinta sai da ta yi mata kwana goma tana kewaye-kewaye.

Da na ba Mama Saratu labari, ta zauna a kujerar kicin ta riƙe haɓa. Ba ta yi mini dariyar shinge ba sai bayan kwana biyu, amma da ta fara ba ta daina ba har yau. Ta ce maganin nan ta san shi, yana kashe baki, ba abin da mutum ke iya haɗiyewa sai ruwa-ruwa. Ta kuma ce a nan ba a faɗa wa mutum gida dubiya haka kawai, sai an nemi izini. Na nema, Farfesa ta amsa cewa kada in wahalar da kaina. Na kawo wa Mama saƙon na ce wannan e ne ko a'a. Ta juya shi ta juya, ta ce duk daɗewarta ita ma ba ta gama gane wannan ba, mu dai je, in an kore mu mu dawo. Muka tafi da kunun gyaɗa a fulas. Ba a kore mu ba. Duk Asabar muka riƙa zuwa har ta gama zagayenta shida, gashinta ya zube ya sake tsirowa fari fat. Ba ta koma koyarwa ba, amma tana nan da ranta.

Damina ta gaba ni da Dokta Mori muka shuka waken nan mai kaushi a bakin fili, muka bar wani ɓangare na shingen a buɗe da gangan. Abin da ya zama kundin digirina ke nan. Wata rana muna hutun rana a gonar, muna zaune a bayan akori-kura kowa da kwanon abincinsa, na tambaye shi me ya gani har ya karɓe ni, mace da ta ci wake da ɓawonsa, ta kuma yi wa marar lafiya nasihar shinge.

Ya ajiye tsinkensa. Ya ce shi ba don ya yanke hukunci ya je ba. Tun mako guda kafin nan ya karanta aikina ya sa hannu. Farfesa ce ta ce masa zaɓin nawa ne, akwai wani malamin da ya yarda ya ɗauke ni in ban so shi ba. Wurin taliyar ma shi ya zaɓa, don nan kaɗai yake iya magana ba ya sarƙewa. Ya ce ya ga fuskata a ɗaure, ya ga ban ci abin kirki ba, da ya tambaye ni a ƙarshe ko zan yarda in yi aiki da shi, sai na gyaɗa kai ina kallon ƙofa. Ya koma gida ya ce wa matarsa 'yar Najeriyar nan ba ta so, kunya ce ta hana ta faɗa. Ran Litinin tun bakwai ya zo ofis, bai tabbata zan zo ba.

Na ce masa ni ban ma ji an yi tambayar ba.

Ya dubi layukan wake, ya ce:

“To ai shekara guda ke nan muna aiki, ba ki ba ni amsa ba.”

“Na yarda, Dokta,” na ce.

Ya ce ya gode. Ya rufe kwanonsa, ya duba sama, ya ce layi na bakwai da na takwas suna jiran awo, gara mu gama kafin ruwa ya sauko.